'Yan Aiken Gwaggo

A kamfaninmu sanyi muke sayarwa. Ɗakunan sanyi ne jere a bayan fili, da motoci masu firji a baya. Mutane su kawo kifi da nama da magani mu ajiye musu, in lokaci ya yi mu kai inda suka ce. Ni makanikin injinan ne. Na ga manajoji sun zo da jawabi sun tafi da jawabi, saboda haka bakina ba ya saurin yabo. Amma labarin Gwaggo zan ba da shi, don abin da ta yi da idona na gani.

Ba gwaggon kowa ba ce a cikinmu. Direbobi ne suka laƙaba mata sunan tun tana zaune a ɗan akurkin ɗakin bakin ƙofa, tana rubuta motar da ta fita da wadda ta dawo. Gajeriya ce, mai tabarau ɗaure da zare a wuya, ba ta ɗaga murya. In direba ya yi mata ƙarya sai ta sauke tabarau ta dube shi, shi da kansa zai gyara maganar.

Da kamfani ya kawo dandalin aiki na kwamfuta, inda kowa zai shiga ta waya ko ta kwamfuta ya ajiye takarda, ya bar saƙo, ya ga aikin da aka ba shi, sai muka sa masa suna Zaure, tunda duk mai shiga aiki ta nan yake bi. Farkon zuwansa juji ne. Takarda ɗaya sai ka same ta da suna uku: ta ƙarshe, ta ƙarshen gaske, ta ƙarshe kar a taɓa. Manajan lokacin ya tara mu ya ce mun shiga sabon zamani. Muka tafa masa, muka koma muna kiran juna a waya kamar da.

Gwaggo ce kaɗai ba ta tafa ba, kuma ita kaɗai ta zauna ta tona cikin abin. Ba wanda ya aike ta. Tana ɓatawa tana gyarawa, tana zuwa wurin Injiniya, shugaban masu kula da kwamfutocin kamfani, da tambayoyi har ya fara ɓuya in ya hango tabaranta. A haka ta gano cewa ana iya koya wa Zaure ya yi aike da kansa: in abu kaza ya faru, kai wa wane saƙo, in ya amsa, wuce wurin wane. Waɗannan su ta kira 'yan aikenta.

Na farkon don ni ta yi shi. A da in mota ta dawo da matsala, direba ya faɗa wa maigadi, maigadi ya faɗa wa wanda ya gani, ni kuwa in ji labari bayan kifi ya fara magana. Sai ta shirya cewa direba ya ɗauki hoton abin da ya lalace ya danna wuri ɗaya, saƙo ya faɗo wayata kafin ya kashe mota. Daga nan abin ya yi ta haihuwa. Ɗan aiken neman hutu, ɗan aiken tuna wa direba canjin mai, ɗan aiken maganin da ya kusa lalacewa. Babbansu shi ne na ɗakunan sanyi: in ma'aunin ɗaki ya nuna sanyi na raguwa, saƙo zai je wa shugaban masu aiki a lokacin, ya leƙa ya gani ko ƙofa aka bari a buɗe ko inji ne, in inji ne ya danna, a kira ni. Aka ɗauke ta daga bakin ƙofa aka ba ta tebur a sama, kusa da taga mai kallon fili.

Duk waɗannan 'yan aike a kan asusunta na Zaure ta gina su, don hakan ya fi sauƙi. Saboda haka kowane saƙo da sunanta yake zuwa, da ɗan hotonta a gefe, tabarau a kan hanci. Injiniya ya sha gaya mata.

"Gwaggo, kin rataye gida guda a ƙusa ɗaya. Ranar da aka rufe asusun nan, duk su mutu."

"Wa zai rufe ni, Injiniya? Ina nan kamar bango."

Gaskiyarsa ce, kuma ita ma ta sani. Aiki ne kullum yake gaba, gyara kuma ana cewa gobe.

Ana nan sai yayarta ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. Wannan yayar ita ta riƙe Gwaggo bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta kai ta koyon buga tafireta, ita ta yi mata komai da uwa take yi. Tana zaune ita kaɗai a wani gari mai nisa, ɗanta guda yana aiki a jirgin ruwa, sai a daɗe ba a ji muryarsa ba. Likita ya ce za ta yi watanni kafin ta taka. Maƙwabta na taimakawa, amma maƙwabci ba ya juya maka marar lafiya kullum.

Gwaggo ta nemi dogon hutu. Manajanmu na yanzu ba mugu ba ne, matsoraci ne kawai, a bayan idonsa Za-mu-duba muke kiransa. Ya kira Injiniya, Injiniya ya faɗi doka: duk wanda ya tafi dogon hutu sai an kulle asusunsa har ya dawo, ba ya cikin ikonsa ya ɗaga. Manaja ya fara shafa ƙeya.

"To in an kulle ta fa?"

"Komai ya tsaya, yallaɓai. Har na ɗakunan sanyi."

"Ai kin ji, Gwaggo. Ki je ki duba ta ki dawo. Dogon hutu kam, za mu duba."

Ta sauke tabarau. "Ranka ya daɗe, ba dubawa take bukata ba, ɗagawa take bukata. Ka ba ni lokaci in kwance 'yan aiken nan daga jikina. Ranar da na gama a kulle ni ina zaune a nan. In abu bai faɗi ba, ka sa mini hannu."

Ya ga babu asara a cikin cewa to, ya ce to.

A makon ne firjin gidanta ya daina sanyi, ta ce in leƙa bayan an tashi. Ɗakuna biyu ne a saman shagon mai facin taya, ƙarar injin iska na shigowa ta taga. Teburin cin abinci ƙafarsa ɗaya ta gaza, an cusa mata kwali. A kansa kwamfutarta take, tsakanin kwalbar gishiri da maganin ciwon gwiwar maigidanta. Shi tsohon direban bas ne da ya ajiye aiki, kujerarsa na bakin taga, sana'arsa yanzu kushe yadda mutane ke ajiye mota a titi. Ina durƙushe bayan firji suna ta yi.

"Ke dai ba ki san duniya ba," in ji shi. "Abin da ya sa ba za su iya taɓa ki ba shi za ki kwance da hannunki ki miƙa musu? Wanda ya riƙe makulli ba a korarsa."

"Kuma ba ya zuwa ko'ina, Baban yara."

"In kin dawo suka ce ai mun iya ba ke fa?"

"Sai in zo in taya ka zagin masu mota."

"Mai Sifana, kana jin ta? Faɗa mata gaskiya."

Mai Sifana ni ke nan. Na ce ni firji aka kira ni. Amma a raina ina bayansa, don na ga yadda ake yi wa mutum in an gama da shi. Gwaggo ta miƙo mini ruwa ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Lokacin da na yi ƙyanda, Yaya a bayanta na kwana har na warke. Ba ta tambayi kowa hutu ba." Maigidan ya juya ga taga, ya ce wa wani mai jar mota a ƙasa ko makaho ya fi shi iya fakin.

Aikin kwancewar ba abin kallo ba ne, shi ya sa ba wanda ya yaba. Injiniya ya buɗe asusu na kamfani, wanda ba na kowa ba, ba ya hutu ba ya ciwo. Ita kuma ta dinga ɗaukar 'yan aiken ɗaya bayan ɗaya tana sake gina su a can. Kowanne sai ta bi sawunsa: wace takarda yake buɗewa, wa ya ba shi izini, wa yake jira. Wani in ta matsar da shi sai ya tarar an rufe masa ƙofa, don izinin da yake shiga da shi nata ne, sai ta koma wurin Injiniya a yanka masa nasa. Ta tarar da waɗanda ta manta da su, har da wani da ke ta tuna wa direban da ya daɗe da barin aiki ya duba iskar taya. Kowanne ta rubuta a jikinsa abin da yake yi da Hausar da maigadi ma zai gane. In ta gama ɗaya sai ta sauko fili da kanta ta gwada. Ta sa direba ya ɗauki hoton tayar da lafiyarta ƙalau, ta tsaya a kaina har saƙon ya shigo.

"Ya zo?"

"Ya zo."

"Nuna mini. Ba na cin ya zo."

Kullum da rana tana kiran yayarta daga bakin matakala. Ina wucewa nakan ji tana cewa, "Saura kaɗan, Yaya. Ki ci abin da suka kawo ko ba daɗi."

Ranar gwaji da safe Injiniya ya kulle ta. Hotonta a Zaure ya koma toka-toka. Ta zauna a teburinta da kofin shayi, ta harɗe hannu, ba ta taɓa komai ba. Manaja na ta zirga-zirga kamar mai jiran haihuwa. Mota ta dawo da fitila a fashe, saƙo ya zo mini. Wani ya nemi hutu, takardarsa ta wuce inda ya kamata. Kafin rana ta take, Injiniya ya fara murmushi.

Sai wani mai dako ya shigo gareji da gudu ya ce ruwa na bin ƙasan ƙofar ɗaki na uku.

Fanka ce ta tsaya a cikin injin. Ba babban abu ba ne in an kama shi da wuri, amma ba a kama ba. Ɗakin cike yake da kifi. Duk wanda ke da hannu a filin nan ya zo, har Manaja ya tuɓe kwat, muka yi ta jidar kwalaye zuwa ɗaki na biyu ina can ina fama da fanka. Yawanci an tsira da su. Na bakin ƙofa sun yi laushi, aka ware su gefe, mai kayan kuma ya faɗa wa Manaja maganganun da ba zan rubuta ba.

Da ƙura ta lafa aka taru a ofis. Injiniya ya buɗe kwamfuta ya nuna: ɗan aiken ya yi aikinsa, saƙo ya fita tun sanyi ya fara raguwa, ya shiga wayar Dogo. Dogo shi ne shugaban masu aikin ɗakunan sanyi na safe, mutum ne da bai taɓa wasa da aiki ba, shi ya sa abin ya ɗaure wa kowa kai.

"Dogo, saƙo ya zo maka?" in ji Manaja.

"Wani abu dai ya zo, yallaɓai."

"Ka karanta?"

"Na share shi."

Gwaggo ta ce, a hankali, "Don me, Dogo?"

Ya ciro wayar ya miƙa mata, hannunsa har yanzu jiƙe. "Dubi abin da ya zo, Gwaggo. Wata da'ira ce mai launin toka, an rubuta Tsarin Kamfani. Irinsa nawa ke zuwa kullum? Ku canza kalmar sirri, ku halarci taro, ku wanke hannu. Na ɗauka cikinsu ne. Da naki ne, wallahi ko a banɗaki nake sai na fito."

"Ai na gaya muku ba ni nake aikowa ba. Inji ne tun asali."

"Mun sani mana, mu yara ne? Amma fuskarki ce a kai. In na ƙi dubawa, gobe zan haɗu da ke a matakala ki sauke mini tabarau. Wannan abin kuwa, in na ƙi, kunyar wa zan ji?"

Ba wanda ya yi dariya, don kowa a ɗakin ya san shi ma haka yake. Ni kaina in saƙonta ya shigo nakan amsa da "To, Gwaggo," alhali na san tana can tana cin abinci ba ta san an aiko ba. Ta gyara wayoyi da izini da komai, ta manta da cewa rabin ƙarfin 'yan aiken nan kunyarta ce.

Manaja ya sauke numfashi, kusan da jin daɗi. "To kin gani. Ba ke, ba aiki. Maganar hutu sai mu..."

"Akwai hanya mai sauƙi, yallaɓai," in ji Injiniya. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, so yake ta samu ta tafi. "A ɗora hotonta da sunanta a kan asusun kamfanin. Saƙo ya ci gaba da zuwa da fuskarta. Aikin minti kaɗan ne."

Manaja ya washe baki. Ga ƙofa a buɗe, da ta ce to da jibi tana mota. Na dube ta na ga tana kallon wayar Dogo.

"A'a," ta ce.

"Gwaggo, taimakonki fa nake."

"Na sani, Injiniya, Allah ya saka. Amma Dogo ya faɗi gaskiya, matakala yake tsoro ba hoto ba. Mako na farko za su amsa. Daga nan su lura ba ni a matakala, su mayar da ni kamar hoton kalanda. Ranar da fanka ta sake tsayawa ina can ina juya Yaya, a ce hoton Gwaggo ya ci kifin mutane." Ta juya ga Manaja. "Ranka ya daɗe, kuskuren nawa ne, ba na Dogo ba. Ka ƙara mini lokaci kaɗan. Gwaji na biyu kai za ka zaɓi ranar, kai za ka zaɓi yadda za a yi, kar ka gaya wa kowa."

Ina jin kalmar nan ta "kai za ka zaɓa" ce ta kama shi. Ba a saba ba shi zaɓi ba. Ya ce to.

Da rana na same ta a bakin matakala, waya a kunne. Ba ta ce saura kaɗan ba. Ta ce, "Na yi kuskure, Yaya, sai na gyara. Ki yi haƙuri da ni." Ta daɗe tana saurare, sannan ta yi 'yar dariya ta goge tabarau da gefen mayafi.

Abin da ta yi bayan nan rabinsa a kwamfuta ne, rabinsa a ƙafa. 'Yan aiken suna nan a asusun kamfani, amma ta sa kowane saƙo ya fito da suna da fuskar mutumin da abin zai faɗo a kansa in an yi sakaci, mutumin da ke cikin filin a ranar. Na canjin mai ya zo da fuskar shugaban direbobi. Na magani ya zo da fuskar mai kula da sito. In ka amsa, amsar wurin mai fuskar take zuwa, ba rami ba. In kuma ka yi shiru, bayan ɗan lokaci saƙon ya fito a ɗakin hirar ma'aikatan wannan sashe gaba ɗaya, kowa ya ga wa aka aika wa bai duba ba.

Ba ta ɗora fuskar kowa ba sai da ta je ta same shi. Ta zaunar da shi, ta nuna masa ɗan aikensa, inda ake tsayar da shi, inda ake canza suna in an canza mai aiki, ta sa shi ya yi da hannunsa tana kallo. Shugaban direbobi ya ce shi yatsunsa na sitiyari ne. Ta ce yatsun da ke tura bidiyon barkwanci cikin dare da rana ba za su gaza wannan ba. Ni ta same ni ƙarƙashin mota.

"Mai Sifana, fito a ɗauke ka hoto. Na ɗakunan sanyi naka ne."

"Ni? Wa zai ji kunyata?"

"Ba kunya ba, tsoro. Wannan fuskar taka ko inji ya gani sai ya tashi. Goge baƙin man nan. A'a, bar shi ma, ya fi."

Dogo na gefe yana dariya har da riƙe ciki. Ya ce in wannan hoton ya faɗo masa da sassafe ai sai ya karya da shi. Na ce ya gwada sharewa ya gani.

Aka sake kulle ta. Kwanaki suka wuce shiru, tana zuwa tana zama da shayinta, jakarta a ɗaure a gida. Manaja bai ce komai ba, har muka fara zaton ya manta, ko yana jan ƙafa ne har ta gaji.

Wata ranar da hantsi ina cikin gareji sai wayata ta yi ƙara. Amsar Dogo ce: "Na gani, mummuna. Ina zuwa." Na ajiye sifana na bi bayansa, don in ga ko inji ne. Na tarar da shi ya doshi ɗaki na ɗaya yana faɗa tun daga nesa. An tokare ƙofar da kwali, sanyi na ta fita kamar hayaƙi.

"Wane marar hankali ne ya bar ƙofar nan? Wane ɗan asara ne? Yau sai na ga uban da ya..."

Sai ga Manaja ya fito daga bayan tarin katako, agogo a hannu, haƙoransa na kaɗawa don ya daɗe a tsaye cikin sanyin.

Dogo ya haɗiye sauran maganar. "Ranka ya daɗe. Ashe kai ne. Ai... ƙofar ce nake yi wa faɗa."

"Ci gaba, Dogo," in ji Manaja. "Uban wa za ka gani?"

Masu dako suka fashe. Manaja da kansa ya janye kwalin ya rufe ƙofa, ya hau sama yana murza hannu. Ban bi shi ba, amma mai share ofis ta ce bai ko zauna ba, a tsaye ya sa hannu, ya rubuta a ƙasa cewa teburinta na jiranta. Wai ya buɗe baki zai ce wani abu, Gwaggo ta ce, "Kar ka duba, ranka ya daɗe, ka riga ka sa."

Washegari maigidanta ya rako ta tasha, ni na ɗauko su a motar gareji. Duk hanya yana gaya mini na cika taka birki. Da za ta hau ya riƙe jakar bai saki ba.

"Yanzu ga shi sun iya ba ke."

"Shi ne abin da na yi ta wahala a kai, Baban yara. Saki jakar."

"In suka ƙi mayar da ke fa?"

"Wanda ya iya kwance kansa ya iya ɗaura wani abin. Maganinka na kan tebur, kar ka sha da shayi."

Ya saki. Muka tsaya har motar ta fita, ya ce direban bai iya shan kwana ba.

Ko za su cika alkawarin tebur, ban sani ba, takarda ce, na kuma ga abin da ake yi da takarda. Abin da na sani shi ne tun tafiyarta fanka ta sake tsayawa sau ɗaya, a ɗaki na huɗu, kuma ko kwali ɗaya bai yi laushi ba. Mai kula da sito ta gina nata ɗan aiken da kanta, na safar hannu da ke ƙarewa ba a sani ba, ya ɗan karkace amma yana tafiya. Injiniya ya ce kowa ya kawo irin wannan a duba kafin a sake shi, kuma ba a kan asusun mutum ba.

Hoton Gwaggo a Zaure har yanzu toka-toka ne. Ranar nan Dogo ya kira ta a wayarta ta hannu muna cin abinci, ya sa kowa ya ji. Ya fara ba ta labarin ɗaki na huɗu, ta katse shi.

"Ba ruwana da ɗakinku, Dogo, ku da Mai Sifana. Ku yi shiru ku ji."

Muka yi shiru. Sai muka ji wani ƙwas, ƙwas, a hankali, sandar ƙarfe na taɓa siminti, da numfashin tsohuwa, da muryar Gwaggo can ƙasa tana cewa, "Yauwa, Yaya. Ɗaya kuma. Ina riƙe da ke."